Mai Sayarwa da Wadda Aka Sayar: Tarihin Hukuncin Matan da Aka Yi Safararsu a Kudancin Katsina da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda hukuma da al'umma suka ɗauki macen da aka sace, ko aka sayar, ko talauci ya fitar da ita daga garinsu har ta faɗa karuwanci, tun daga ƙarni na 17 zuwa yau, tare da mayar da hankali ga yankin Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara. An auna abin da ya gudana da ma'aunin fiƙihun Malikiyya. Abin da ya bayyana shi ne, nassi da maganganun fuƙaha'u sun ɗora nauyi mafi girma a kan mai tilastawa da mai cin kuɗin, amma a aikace sandar hukuma ta fi sauka a kan macen, kuma korar ta daga gari ita ce dabarar da aka fi maimaitawa.

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Sabuwa tana can kusurwar kudu maso yammacin Jihar Katsina, tana iyaka da Faskari da Ɗandume, da kuma Giwa da Birnin Gwari na Jihar Kaduna. Ita da Faskari da Ƙanƙara mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙasa ce ta masara da auduga, kuma dazuzzukan da suka kewaye ta suna haɗe da na Zamfara da Birnin Gwari. A 'yan shekarun nan sunan yankin ya yi tambari da satar mutane, musamman bayan ɗauke ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne makomar matan da wannan fitina ta raba da gidajensu: wadda aka sace ta dawo, wadda aka kashe mijinta, da yarinyar da wata hajiya ta ɗauka da sunan aikatau a birni. Wasu daga cikinsu kan ƙare a hannun 'yan sanda ko Hisba, a matsayin masu laifi. Tambayar ita ce: me Shari'a ta ce game da su, kuma me magabatanmu suka yi da irinsu?

Asalin mas'alar a nassi da mazhaba

Aya ta 33 ta Suratun Nur ta haramta wa iyayengiji tilasta wa kuyanginsu karuwanci don neman abin duniya, sannan ta rufe da alkawarin gafara da jin ƙai ga waɗanda aka tilasta. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ubayyu, shugaban munafukai, wanda yake tilasta wa kuyanginsa biyu, Musaika da Umaima, suka kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin lura a nan shi ne, a shari'a ta farko irin wannan a Madina matan ne masu ƙara, kuma babban mutum a gari ne abin zargi. A wani hadisi ƙudusi da Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, an ƙidaya wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa cikin mutum uku da Allah zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama.

A kan wannan tushe Malikiyya suka gina ƙa'idoji huɗu da suka shafi batunmu kai tsaye.

Ta farko, babu haddi a kan wadda aka tilasta. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hukuncin Sayyidina Umar a kan wani bawa da ya tilasta wa wata kuyanga: an yi masa bulala aka kore shi, ita kuwa ba a taɓa ta ba. Malik ya kuma tabbatar da cewa wanda ya yi wa ɗiya fyaɗe sai ya biya ta sadakin irinta, ban da haddin da ke kansa.

Ta biyu, ba a korar mace. Korar shekara guda da ake haɗawa da bulalar mazinacin da bai taɓa aure ba, a mazhabar Malik ta keɓanta ga namiji ɗa. Hujjar malaman ita ce fitar da mace daga cikin danginta jefa ta ne cikin ɓarnar da ake son tsare ta daga gare ta.

Ta uku, baƙuwa tana da sassauci. An san tsananin mazhaba wajen ɗaukar ciki hujja a kan macen da ba ta da miji. Amma Ibn Rushd a Bidayatul Mujtahid ya naƙalto daga Ibnul Ƙasim cewa idan macen baƙuwa ce a garin, ta ce tana da miji, ana karɓar maganarta ba tare da shaida ba. Wato baƙunta a wurinsu dalilin kare haddi ce.

Ta huɗu, ƙwace mata da makami fashi ne. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, ya ba da labari a Ahkamul Ƙur'an cewa a zamanin alƙalancinsa an kawo masa mutanen da suka tare ayari suka tafi da wata mace. Wasu masu fatawa suka ce hukuncin fashi a kan dukiya kawai yake. Ya mayar musu da martani mai zafi, ya nuna keta mutunci ya fi ƙwace dukiya muni, domin mutum zai yarda a tafi da duk abin da ya mallaka da a taɓa matarsa ko 'yarsa.

Daga fatawar Ahmad Baba zuwa hare-haren ƙarni na 19

Sunan Katsina ya shiga littattafan wannan mas'ala tun da wuri. A shekarar 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'ud don amsa tambayar mutanen Tuwat game da bayin da ake kai musu ta hamada. Ya lissafa Katsina da Kano da Barno da Songhai cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba, ya kuma ƙarfafa ra'ayin karɓar maganar wanda ya ce shi ɗa ne daga waɗannan ƙasashe, har sai mai riƙe da shi ya kawo hujja. Tambayar da aka yi masa ita kanta shaida ce cewa ana sayar da 'ya'yan Musulmi, kuma kasuwar arewacin hamada ta fi neman mata.

Bautar da 'ya'ya na cikin manyan koke-koken masu jihadin 1804. Shehu Usmanu ya haramta shi a fili a Wasiƙatu Ahlis Sudan, kuma a Kitabul Farƙ ya soki sarakunan zamaninsa da ɗaukar matan da suka ga dama ba tare da ɗaurin aure ba. Sai dai kafuwar daula ba ta kawo ƙarshen kame ba, musamman a bakin iyakoki. Kudancin Katsina da yammacin Zazzau sun zauna tsakanin wuta biyu: hare-haren Maraɗawa daga arewa, da na Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora daga kudu maso yamma a ƙarshen ƙarnin.

Muna da shaidar mace a kan wannan zamani, abin da ba a cika samu ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta ɗauki tarihin rayuwarta a Giwa, maƙwabciyar Sabuwa, tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suke afka wa ƙauyuka da rinji, su tafi da mata da yara, dangi su bi sawu suna tara wuri don fansa. Wanda ya karanta labarinta yau zai ga abin da ya sani: dare, daji, ɗan aike, ciniki. Amma zai ga wani abu da ya kamata ya tsaya a kansa. Matar da aka fanso tana komawa cikin danginta da ɗakinta a matsayin wadda aka zalunta, domin kowa ya san abin da ya same ta zai iya samun gidansa gobe.

Zamanin Turawa: 'yanci a takarda

Sanarwar Lugga ta 1901 ta hana kamen bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na wannan shekara ɗa ne. Amma ba a 'yanta waɗanda ke hannu ba sai da dokar 1936. Lovejoy da Hogendorn, a littafinsu na 1993 kan mutuwar bauta a Arewa, sun nuna yadda hukumar Turawa ta bambanta namiji da mace a wannan tsakani. An buɗe wa bawa namiji hanyar murgu ya fanshi kansa. Baiwa kuwa an fi son ta fita daga hannun wani namiji ta shiga hannun wani, bisa hujjar cewa idan aka sake ta za ta faɗa karuwanci a kusa da sansanin soja. Ta haka fansa a gaban alƙali ta zama wata ƙofa ta samun sa-ɗaka: mutum ya biya kuɗi, a rubuta an 'yanta ta, ta wuce gidansa. Ciniki ya canja suna, ya ci gaba.

A daidai wannan lokaci aka sami sababbin wuraren da mace za ta iya gudu zuwa gare su. Kalmar bariki, wadda aka aro daga sunan mazaunin sojan Turawa, ta zama sunan wata rayuwa, har ake cewa wance ta shiga bariki. Da layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, ga injin gurzar auduga, garin ya cika da 'yan ƙwadago da fatake da 'yan cin rani marasa iyali, kuma ƙauyukan Maska da na yammacinta suka sami babbar tasha kusa da su. Duk inda aka tara maza baƙi da kuɗi a hannu, gidajen mata sukan biyo baya.

Gidan mata, magajiya da kora

Binciken Renée Pittin a birnin Katsina a farkon shekarun 1970, da na Abner Cohen a Sabon Ibadan wanda aka buga a 1969, sun yi ittifaƙi a kan wani abu: karuwar Bahaushiya kusan kullum baƙuwa ce a inda take zaune. Ba ta yi a garinsu, don kunyar dangi. Mafi yawansu sun taɓa aure, da dama sun gudo ne daga auren da ba su so, kuma da yawa sukan koma aure daga baya. Suna da magajiya wadda hukumar gargajiya ta san da ita, tana sasanta rikicinsu tana wakiltar su. A zamanin NEPU da NPC jam'iyyu sun yi amfani da magajiyoyi da 'yan gidajensu wajen cika taro, alhali matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976.

Wannan sanin juna bai hana kora ba. Idan damina ta yi jinkiri, ko wata annoba ta sauka, sai a yi shela: kowace mace mai zaman kanta ta yi aure cikin kwanaki kaza ko ta bar gari. Wasu su yi auren ɓoye kai, wasu su hau mota zuwa gari na gaba, bayan an yi ruwa su dawo. Niyyar masu shelar neman yardar Allah ce, kuma babu mai musun cewa zina alfasha ce da ke jawo fushinSa. Sai dai in an auna da mazhabar da alƙalan ƙasar suke hukunci da ita, korar ta saɓa wa ƙa'ida ta biyu da muka ambata, sannan ta bar mazan da ke zuwa gidajen da mai gidan da ke karɓar haya suna zaune lafiya, har ma su fita roƙon ruwa tare da jama'a. Dokar finalkod ta 1959 ta tanadi hukunci ga kawali da mai safarar mata da mai buɗe gidan karuwai, amma sashen da ya fi aiki a hannun 'yan doka da 'yan sanda shi ne na masu zaman banza, domin kama mace a samame ya fi sauƙin kafa hujja a kan dillali.

Hanyar gabas da hanyar hamada

Safara ta ƙetare ma tana da tsohon tarihi. A hanyar Makka ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, an riƙa samun masu tafiya da yara da mata da sunan 'ya'yansu ko matansu, su sayar da su a Hijaz, abin da ya shiga rahotannin Turawa a shekarun 1920 da 1930. Saudiyya ba ta soke bauta a hukumance ba sai 1962. Bayan zuwan jirgin sama salon ya canja: wakili ya biya wa mace kuɗin biza da kujera, ta isa da bashi a wuyanta, takardunta a hannun wani. Wadda aka kama a can ita ake tsarewa a maido gida, a kira ta 'yar tukari ko 'yar Kano-Jidda, wakilin kuwa yana ofishinsa yana cika wata takardar.

Ta arewa, shari'ar Hadijatu Mani ta tona asirin al'adar wahaya, wadda ake sayen yarinya a ajiye ta bayan mata huɗu da sunan sa-ɗaka. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a yankin Birnin Ƙonni, a kan jaka 240 ta sefa. A ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Duk ɗalibin fiƙihu ya san wannan ciniki ɓatacce ne daga tushe, tun da babu wata hanyar mallaka ta Shari'a da ta rage, kuma fatawar Ahmad Baba ta riga kotun da kusan shekara 400. A watan Oktoban 2013 kuma aka tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, kusan dukansu mata da yara, akasari daga yankin Kance na Damagaram, a kan hanyarsu ta zuwa Aljeriya.

Dawowar Shari'a da darasin Funtuwa

Da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, Katsina da Kano da sauran jihohi suka biyo baya a 2000, an rufe gidajen mata da mashaya a garuruwa da dama. Wasu matan sun tuba, an aurar da su, kuma wannan alheri ne da ba za a raina ba. Wasu kuwa sun tsallaka zuwa barikin soja, ko jihohin da ba su ƙaddamar ba, ko garuruwan Nijar na bakin iyaka. A watan Nuwamban 2000 tarzoma ta ɓarke a Maraɗi, aka ƙona mashaya da gidajen mata. Korar da aka yi a wani gari ta zama gobara a wani.

Shari'ar Amina Lawal ta Kurami ba ta karuwanci ba ce, amma ita ce mafi girman jarrabawar da kotunan yankin suka fuskanta a babin zina. Kotun Bakori ta yanke mata hukuncin rajamu a watan Maris na 2002, bayan mutumin da ta ambata ya musanta ya yi rantsuwa aka sallame shi. Babbar kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. A ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta rushe hukuncin, da hujjoji daga cikin mazhaba: haƙƙin janye iƙirari, da yiwuwar danganta cikin ga tsohon miji cikin muddar da Malikiyya suka ƙaddara. Duniya ta ɗauka matsin lambar waje ne ya cece ta, amma wanda ya karanta hukuncin zai ga littattafanmu ne suka yi aiki a hannun alƙalan da suka san su.

Dokokin yau da abin da ya rage

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Palermo ta 2000 kan fataucin mutane, ta kafa hukumar NAPTIP a 2003, ta sabunta dokarta a 2015. Dokar ta tanadi cewa, inda hali ya nuna haka, kada a tsare ko a gurfanar da wanda aka yi safararsa saboda laifin da ya samo asali daga safarar. Wasu daga cikinmu suna kallon wannan tanadi a matsayin baƙon tunani. Alhali shi ne ma'anar ƙarshen ayar Suratun Nur. Inda muke da saɓani na haƙiƙa da wasu ƙungiyoyin duniya shi ne kiran da suke yi a mayar da karuwanci sana'a halattacciya. Wannan Shari'a ba ta yarda da shi, kuma hadisin Abu Mas'ud ya haramta kuɗinsa. Amma haramcin aiki bai zubar da haƙƙin mai aikin ba: jininta da dukiyarta haramun ne, duka da tozarci da yaɗa hotonta ba hukunci ba ne, kuma ba a yanke mata komai sai a gaban alƙali.

Saura mas'ala guda da ke jiran ijtihadin malamanmu. Malik ya nemi mai da'awar tilas ta zo da alama, kamar jini ko kururuwar neman agaji. Waɗannan misalai ne na zamaninsa. Macen da ta yi wata uku a sansanin 'yan bindiga a dajin da ke bayan Sabuwa ko Faskari, duk garin ya san ranar da aka ɗauke ta, kuma wannan ya fi kururuwa ƙarfi. Haka wadda aka ƙwace wa fasfo, ko aka ɗaure ta da bashin da ba ya ƙarewa, ko aka kawo ta tana ƙarama. Ya kamata a fayyace waɗannan alamomi a rubuce cikin ƙa'idojin aikin Hisba da kotuna, yadda tambayar farko ga wadda aka kama za ta zama: wa ya kawo ki, wa yake karɓar kuɗin?

Kammalawa

Tarihin shekara 400 ya nuna abu ɗaya yana maimaituwa da sunaye daban-daban: mahari, mai fansa, kawali, wakilin biza, ɗan bindiga. Kowannensu ya ci kuɗi, kuma sau da yawa ya tsira. Ya nuna kuma cewa kora ba ta taɓa rage yawan matan ba, sai dai ta nisanta su daga dangin da za su iya karɓar su. Abin da mazhabarmu ta ba mu ya fi wannan: a bi mai tilastawa da hukunci mafi tsanani, a kare haddi da shubuha, a biya wadda aka keta haƙƙinta, a tsayar da ita kusa da waliyyanta. Hukumomin zakka suna da ƙofar matafiyin da guzuri ya yanke masa, wadda malamai suka buɗe har ga wanda ya fita cikin saɓo idan ya tuba. Ta nan za a iya mayar da mace gida da jari a hannunta. Limamai kuma a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suna da aikin da babu hukumar da za ta yi musu: su faɗa a kan mumbari cewa wadda aka sace ta dawo ba ta da zunubi, aurenta yana nan, kuma mai goranta mata yana tsaye ne a bakin ƙazafi. Allah Shi ne mafi sani.